Lambar 2,147,483,647 da Matsayinta Cikin Lambobi Gagara-rabo

Masana lissafi sun kasa lambobi gida-gida, kamar yadda masu nazarin harshe suka kasa kalmomi. Daga cikin gidajen akwai na lambobin da ba a iya raba su daidai, ba tare da saura ba, sai dai da ɗaya ko da su kansu, irin su 2, 3, 5, 7 da 11. A wannan maƙala za a kira su lambobi gagara-rabo, kuma za a dubi ɗaya daga cikinsu, watau 2,147,483,647.

Samun wannan lamba ba wuya. A fara da ɗaya, a riɓanya shi sau 31, sa'an nan a debe ɗaya. Duk gagara-rabon da aka samu ta wannan hanya ana jingina ta ga Marin Mersenne, wani limamin Kirista Bafaranshe da ya jera irinsu a 1644, kuma wannan ita ce ta takwas a cikin zuriyar. Sharaɗi ne adadin riɓanyawar ya zama gagara-rabo, to amma sharaɗin bai wadatar ba. Alal misali, riɓanyawa sau 11 tana ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89. Shi kansa Mersenne ya yi tuntuɓe, domin ya sa 67 da 257 a jerinsa bisa kuskure, ya kuma tsallake 61, 89 da 107.

Wanda ya tabbatar da matsayin lambar shi ne Leonhard Euler, a 1772, lokacin da ganinsa ya riga ya tafi. A ƙa'ida sai an gwada raba ta da kowace gagara-rabo har zuwa 46,340, aikin da zai ci rabawa dubbai. Euler ya dogara da binciken Fermat, cewa duk gagara-rabon da za ta raba ta tilas ta bar saura ɗaya in an raba ta da 62. Ya ƙara da cewa in an raba ta da 8 tilas ta bar saura ɗaya ko bakwai. Da waɗannan matatai biyu abin gwadawa ya ragu zuwa 'yan ɗaruruwa, kuma babu wadda ta raba ta. Nan hikimar take, ba a girman lambar ba.

Tana da wani gida kuma. Ita 31 ɗin 'yar zuriyar Mersenne ce, domin 32 ce aka debe wa ɗaya. Gagara-rabo masu irin wannan nasaba ta uwa da uba huɗu kaɗai aka sani.

A yau ba a lissafa ta cikin manya, tun da wadda aka gano a watan Oktoba na 2024 tana da alƙaluma 41,024,320. Duk da haka ita ce iyakar abin da kwamfuta ke iya ƙirgawa a gurbi mai ɗigo 32, in an ware ɗigo ɗaya don nuna ko lambar tana ƙasa da sifiri. Na'urori da yawa suna ƙidayar daƙiƙoƙi a irin wannan gurbi tun daga 1 ga Janairun 1970. Ƙidayar za ta cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, kuma duk na'urar da ba a gyara ba tana iya ɗauka cewa an koma watan Disamba na 1901.