Kundin Masu Zayyana Haruffa Masu Zaman Kansu da Matsayin Haruffan Hausa a Cikinsa

Wannan maƙala za ta dubi yadda ake harhaɗa kundin masu zayyana haruffan ɗab'i, wato mutum ɗaya ko ƙaramin kamfani da ke ƙera siffar haruffa ya sayar ko ya bayar kyauta. Misalin da ya fi shahara shi ne na Luc Devroye, malamin ilimin kwamfuta a Jami'ar McGill ta Kanada, wanda ya shafe shekaru yana tattara sunayen dubban masu wannan sana'a.

Matsala ta farko da mai harhaɗawa ke cin karo da ita ita ce tantance wane ne mai zaman kansa. Kamfanin Monotype ya sayi Linotype a shekarar 2006, da FontShop a 2014, sannan Hoefler & Co. a 2021. Ke nan sunan da ya cancanci shiga kundi bara yana iya rasa cancanta bana, kuma kundin da ba a sabunta shi ɓatar da mai karatu zai yi.

Ta biyu, wadda ta fi shafar manazarcin Hausa, ita ce bayyana harsunan da kowane salon haruffa ke iya rubutawa. Sau da yawa akan wadatu da cewa salo ya ƙunshi haruffan Romawa, alhali babu ɓ da ɗ da ƙ a cikinsa, balle ƴ da ake amfani da shi a Nijar. Idan aka buga rubutu da irin wannan, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salo ya fito dabam da 'yan'uwansa, ko mai buga rubutun ya gaji ya jefar da lanƙwasar, ƙasa ta koma kasa. A ganinmu bai kamata a dogara da iƙirarin mai zayyana ba. Wajibi ne mai kundi ya gwada manya da ƙananan haruffan da kansa, ya kuma duba ko an zana lanƙwasar da kyau ko liƙa ta kawai aka yi.

Haka kuma akwai Ajami. Ƙungiyar SIL ta fitar da Alkalami a 2017 bisa salon rubutun Kano, kyauta ƙarƙashin lasisin OFL. Kundin da ya sanya shi cikin jerin haruffan Larabci ba tare da wani bayani ba, ya ɓoye shi daga malamin da ke neman sa.