Sayen Ƙaramar Jif ta Iyali a Damargu

Ƙaramar jif ta iyali mota ce mai kujeru biyar da wurin kaya a baya. Cikinta ya fi na ƙaramar mota nisa da ƙasa, amma ba ta kai Land Cruiser ko Hilux girma da ƙwari ba. Toyota ce ta buɗe wa irin wannan mota kasuwa da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, sai Nissan X-Trail a 2000, Hyundai Tucson a 2004, da Duster a 2010. Abin da ya raba su da manyan kat-kat yana ƙarƙashin mota, inda idon mai saye bai cika zuwa ba. Hilux da Land Cruiser a kan shasi na ƙarfe mai zaman kansa aka ɗora jikinsu. Ita kuwa ƙaramar jif, jikinta da shasinta a haɗe aka ƙera su, yadda ake ƙera Corolla. Wannan ne ya sa ta fi sauƙin tuƙi, ta fi laushi a kan kwalta, ba ta kuma shan mai kamar manyan. Shi ne kuma ya sa ba ta jure duka da lodi kamar su.

Wannan bambanci ya fi nauyi a Damargu fiye da a Yamai ko Kano. Kwaltar da yankin ya dogara da ita ita ce RN11, wadda ta taso daga Damagaram ta ratsa Bakin Birji da Tanut ta nufi Agadas, kuma sashe ce na babbar hanyar da ta haɗa Aljas da Legas ta cikin Sahara. Tsakanin Damagaram da Tanut akwai kimanin kilomita 150, kuma kowace ƙaramar jif mai lafiya za ta yi wannan tafiya ba tare da wahala ba. Da zarar an sauka daga kwalta, labari ya sauya. Mafi yawan hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Gangara, Tenhiya da Tarka, da na gundumar Belbeji wadda aka cire daga Tanut a 2011, burji ne mai gargada ko sawun mota a cikin rairayi. Da rani yashi ke riƙe ƙafa, da damina kuwa koramu da taɓo ke tare hanya. Saboda haka tambayar farko ga mai saye ita ce: a cikin tafiya goma da motar za ta yi, nawa ne a kan kwalta? Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da ke zaune a garin Tanut, yana zuwa Damagaram lokaci-lokaci, ƙaramar jif ta ishe shi. Wanda dabbobinsa ke arewacin Tenhiya, ko yake cin kasuwannin ƙauye mako-mako, tsohuwar Hilux mai lafiya ta fi masa sabuwar RAV4 amfani, ko da iyali za su fi son zama a cikin ta biyun.

Ba kowace jif ce ke ja da ƙafa huɗu ba, kuma nan ne ake yawan ruɗin masu saye. Da yawa daga RAV4, CR-V da Tucson da aka sayar a Amurka da Turai da ƙafafun gaba kawai suke ja, alhali a waje ba a bambanta su da masu ja da huɗu. Rubutun da ke manne a bayan mota ba hujja ba ne, don ana sayar da shi a kasuwa. A durƙusa a leƙa ƙarƙashi: in akwai dogon ƙarfe mai juyawa da ya taso daga giya ya tafi ƙafafun baya, motar tana ja da huɗu, in babu, ba ta yi. Ko masu ja da huɗun ma, galibinsu na'ura ce ke tura ƙarfi baya sai in ƙafafun gaba sun fara sulɓi, kuma ba su da ƙaramar giyar nan ta ƙarfi da manyan kat-kat ke fita da ita daga rairayi. Suzuki Grand Vitara na cikin ƙalilan da yawancin samfuransu ke da wannan giya, abin da ya sa ta cancanci a duba ta a yanki irin wannan duk da ƙanƙantar cikinta.

Sai batun lodi. Nauyin da irin waɗannan motoci ke ɗauka, har da mutanen ciki, bai cika wuce kilo 500 da ɗoriya kaɗan ba. Manya biyar da buhun gero biyu masu kilo ɗari-ɗari sun riga sun kai iyaka, tun ba a sa jarkar ruwa da ragon suna ba. A ƙasar da aka san ta da noman gero, inda mai mota ba ya iya ƙin ɗaukar kayan ɗan'uwa, wannan lissafi ne da ya kamata a yi tun kafin saye. Lodin da ya wuce kima a kan gargada shi ke kashe shokozoba da robobin ƙafa cikin ƴan watanni.

Sabuwar mota fil daga kamfani a Yamai ake samunta, inda kamfanin CFAO ke wakiltar Toyota. Amfaninta a fili yake: tana da garanti, ba wanda ya taɓa wahalar da ita, kuma samfurin da ake kawowa Afirka an shirya shi don zafi, ƙura da irin man da ake samu a nan. Sai dai kuɗinta ya ninka na ta hannu, garantin kuma yana da sharaɗin a riƙa kai ta garejin da kamfani ya yarda da shi, alhali daga Tanut zuwa Yamai ya haura kilomita dubu. Shi ya sa sabuwa ta fi zama ta ma'aikatu da ƙungiyoyi, iyalai kuwa ta hannu suke saye. Ba a Nijar kaɗai ba ne: rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka zo.

Shekaru da dama tashar jirgin ruwan Kwatano ce ƙofar waɗannan motoci, a biyo da su ta Paraku da Malanbil a shigo ta Gaya. Rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya karkatar da kaya da yawa zuwa Lome, su ratso Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada, kuma mai saye na ƙarshe ne ke biyan bambancin. Wannan ya ƙara wa motar da aka riga aka yi amfani da ita a cikin gida daraja. Tana da fa'ida guda da wadda aka sauke daga jirgi ba ta da ita: ana iya sanin mai ita, da hanyoyin da ta bi, da makanikin da ke duba ta. Aibinta kuma shi ne ta riga ta sha ƙura da gargada.

Wadda aka shigo da ita daga waje, ɓoyayyen tarihinta ne abin tsoro. Da yawa daga motocin Amurka a gwanjon kamfanonin inshora ake saye su, bayan haɗari ko ambaliya, a gyara su a yi musu fenti kafin su iso kasuwa. Ba duka ne marasa kyau ba. Wadda aka buga wa ƙofa aka sauya ba ta da laifi. Wadda ruwa ya shanye kuwa, wayoyinta da na'urorinta a hankali suke ruɓewa, matsalar ba ta bayyana sai bayan watanni, kuma irin gyaran da ba a gama shi ne. Kusan kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta gilashin gaba a gefen direba da kuma jikin ƙofa. In motar daga Amurka ko Kanada ta fito, da wannan lamba ana iya binciko tarihinta a intanet da kuɗi kaɗan, wani lokaci har da hotunanta na ranar gwanjo. Agogon tafiya ba abin dogaro ba ne, don ana mayar da shi baya. Na Amurka kuma da mil yake ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, wato 100,000 a agogo kilomita 160,000 ke nan. Sitiyarin da ya yi santsi, da robar birki da ta cinye, da kujerar direba da ta lotsa sun fi agogo faɗin gaskiya.

A zaɓen inji, mai sauƙi ya fi. Injin esansi mai lita 2 zuwa 2.5 wanda ba shi da turbo shi ne makanikan Damagaram da Tanut suka fi sabawa da shi. Injunan gazuwal na Turai da aka ƙera daga wajen 2010 suna da matatar hayaƙi da allurai masu son mai tsaftatacce ƙwarai, gyaransu kuma sai da kwamfuta. RAV4 mai lita 2.4 ta 2006 zuwa 2008 an san ta da shan baƙin mai, har Toyota ta tsawaita garantin wannan matsala a Amurka. Mai lita 2.5 da ta gaje ta daga 2009 ba ta yi wannan suna ba. Giyar hannu ta fi jure rairayi da arahar gyara, giya mai sarrafa kanta ta gargajiya ma ba laifi in ana sauya mata mai. Nau'in CVT, da ke cikin X-Trail da yawa da CR-V na baya-bayan nan, shi ne ke saurin zafi in mota ta daɗe tana fama da yashi, in ya lalace kuma galibi sai dai a sauya shi ɗungurungum. Masu haɗa mai da lantarki suna da tsimin mai sosai, amma batirinsu ba ya shiri da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar da ke sanyaya shi. Motar da sitiyarinta ke dama, irin ta Japan ko Ingila, a bar ta: a Nijar dama ake bi, direbanta ba ya ganin gaba in zai wuce babbar mota.

Ranar duba mota, mai saye ya zo da makanikinsa, ba wanda dillali ya kawo ba, tunda la'adar dillali sai ciniki ya faɗa take fitowa. A tayar da injin da safe yana sanyi, don injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Shuɗin hayaƙi alamar ƙona baƙin mai ce. Farin kumfa a murfin baƙin mai alamar ruwa na shiga inji ne. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba laka, tsatsa ko warin danshi. Fitilun gargaɗi na gaban direba su kama in an murɗa makulli, su mutu in inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, mai yiwuwa cire ta aka yi. Sannan a bar motar a kunne da tsakar rana, na'urar sanyi na aiki, a sa ido kan allurar zafi. Lagireto da fankar da suka wadatar a Beljiyam ba lalle su wadatar a Belbeji ba. Gwajin tuƙi kuma ya haɗa da kwalta da burji da ɗan rairayi, ba zagayen unguwa kaɗai ba.

Takardu su ne rabin motar. Takardar biyan duwan, kart giriz, inshora, binyat da takardar duba lafiyar mota duk a gan su, kuma lambar shasin da ke kansu ta yi daidai da ta jikin mota harafi da harafi. Wanda sunansa ke kan kart giriz shi ne mai sayarwa, ko wakilinsa mai takardar wakilci. A rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a kai hukuma ta buga hatimi, a kuma sauya suna ba da jinkiri ba, ko da tsakanin ƴan'uwa ne. Motar da ke da lambar Najeriya takan zo da araha, musamman in naira ta faɗi, amma arahar takan ƙare a ofishin duwan, domin izinin shigowa na ɗan lokaci ba ya mayar da ita motar Nijar. Hanyar Agadas kuma hanya ce mai shingayen jandarma da duwan, inda ake neman waɗannan takardu.

Kuɗin saye somin-taɓi ne. Irin wannan mota tana shan lita 8 zuwa 10 a kilomita ɗari a kan kwalta, fiye da haka a rairayi. A farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa litar esansi a Yulin 2024, zuwa Damagaram daga Tanut da dawowa ya kusa jaka goma sha biyar. Matatar mai ta SORAZ, da aka buɗe a 2011 a kan wannan hanya, tana kusa, amma hakan bai hana gidajen mai yin nisa da ƙauyuka ba, kuma man kwalba da ake saye a gefen hanya yakan zo da ƙasa ko ruwa. Man Najeriya da aka daɗe ana dogaro da arahar sa ya yi tsada tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Matatar iska tana son a kakkaɓe ta akai-akai, da hunturu ma kusan kowane mako, baƙin mai kuma a sauya shi da wuri fiye da yadda littafin mota ya ce, don an rubuta littafin ne da hanyoyin da ba su da ƙura a zuciya.

Kayan gyara ne ke sa Toyota tsada a kasuwar hannu, su ne kuma ke sa ta saurin sayuwa in an tashi rabuwa da ita: abin da babu a Tanut akwai shi a Damagaram, abin da babu a Damagaram ana aiko shi daga Maraɗi ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Motar da ba a saba gani ba tana iya yin wata guda a gareji tana jiran ƙarfe ɗaya. Mai hankali yakan ware wani kaso na kuɗinsa don gyaran farko, wato mai, matatu, batir, birki da taya. Tayoyin da mota ke zuwa da su daga Turai sau da yawa na sanyi ne ko tsofaffi. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Samfuran baya-bayan nan kuma siririyar safaya suke zuwa da ita, wasu ma babu sam, abin da ba ya kai mota ko'ina a dajin aduwa da farar ƙaya. Cikakkiyar safaya, jak mai kyau, shebur, igiyar ja da famfon iska na mayar da iskar da aka rage don ratsa rairayi, duk suna cikin kuɗin motar da za ta yi aiki a Damargu.