Lissafin da ke Hango Abin da Matafiyi Zai Hau

Kafin gwamnati ta zuba dukiya wajen shimfiɗa hanyar dogo a cikin birni, tilas ta san ko mutum nawa za su bar motocinsu su shiga jirgin. In aka yi kuskure a nan, sai taragai su yi ta yawo fayau, bashi kuwa ya hau kan masu biyan haraji.

Wannan matsala ce ta fuskanci birnin San Faransisko na ƙasar Amurka sa'ad da aka buɗe jirgin BART a shekarar 1972. Hukuma ta ƙiyasta cewa kashi 15 daga cikin ɗari na masu zuwa aiki za su riƙa hawansa. Amma wani shehun malamin tattalin arziki na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali, watau Daniel McFadden, ya bi wata hanya dabam. Shi da almajiransa suka tambayi ɗaruruwan ma'aikata yadda suke zuwa aiki, suka auna kuɗin mota, da tsawon tafiya, da jira a tasha, da tattaki zuwa bakin hanya. Jira kuwa ya fi ci wa matafiyi rai. Masana kan ɗauki minti guda a tasha daidai da wajen minti biyu a cikin mota.

Hikimar lissafin ita ce bai yanke wa kowa hukunci ba. Mutum biyu masu albashi ɗaya, a unguwa ɗaya, wannan ya hau bas, wancan ya tuƙa motarsa, saboda dalilan da mai tambaya ba zai gani ba. Kai, mutum guda ma yakan sāke daga yau zuwa gobe. Don haka sai aka ba kowane abin hawa rabonsa na yiwuwa, aka tara na jama'a duka. Lissafin ya ba da kashi 6.3. Da aka ƙidaya a 1975, sai aka sami kashi 6.2. McFadden da kansa ya ce akwai sa'a a cikin wannan dacewa. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Nobel, tare da James Heckman.

Duk da haka lissafin yana da wani rauni. A ce rabin jama'a suna shiga motarsu, rabi shuɗiyar bas. In aka kawo jar bas, wadda launi kaɗai ya raba su, sai lissafin ya raba jama'a kashi uku daidai, alhali kuwa fenti ba zai fitar da kowa daga motarsa ba. Basukan biyu ne za su raba fasinjojinsu. Maganin da aka samo shi ne a haɗa ababen hawa masu kama da juna a rukuni ɗaya, a fara zaɓe tsakanin rukunoni, sa'an nan a cikin rukunin. A yau kwamfuta kan ƙirƙiro dubban matafiya na ƙarya, ta maimaita musu yini guda sau ɗaruruwa, kowanne yana gwada wani abin hawa, har cunkoson ya daidaita.