Ƴan Nikaragwa da ƴan ƙabilar Hmong a Amurka: yadda takardar zama ta raba makomar baƙi biyu

Tsakanin shekarar 1975 da 1979, gwamnatoci biyu da Amurka ke mara wa baya sun faɗi, ɗaya a Lawos ta kudu maso gabashin Asiya, ɗaya kuma a Nikaragwa ta Amurka ta Tsakiya. Faɗuwar tasu ta sa dubun dubatar mutane sun yi gudun hijira zuwa Amurka. Ƴan ƙabilar Hmong sun isa hannu rabbana, akasarinsu ba su taɓa shiga aji ba, amma da takardu cikakku. Ƴan Nikaragwa da yawa sun isa da ilimi da sana'a, amma sun share shekaru ba su san ko za a bar su su zauna ba. Masu bincike kan ƙaura sun daɗe suna kwatanta al'ummomin biyu, domin labarinsu na nuna abin da ke taimakon baƙo ya tsaya da ƙafafunsa da abin da ke ja masa baya.

Su wane ne ƴan Hmong?

Hmong, wanda ake furtawa kamar «Mong», ƙabila ce da ta samo asali daga kudancin ƙasar Sin. Daga ƙarni na 18 zuwa na 19 wasunsu suka gangaro tsaunukan Biyetnam, Lawos da Tailan, inda suka rayu da noman tudu da kiwo. Ba su da ƙasa tasu ta kansu. Rubutun harshensu da aka fi amfani da shi a yau a farkon shekarun 1950 aka tsara shi, da hannun wasu ƴan mishan, ciki har da wani fada Bafaranshe mai suna Yves Bertrais, a lokacin da Lawos ke ƙarƙashin Faransa.

Daga 1961 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta ɗebi mazansu, har da yara matasa, domin yaƙar ƴan kwaminis a abin da ake kira «yaƙin ɓoye», ƙarƙashin jagorancin Janar Vang Pao. Dubun dubata sun mutu. Da ƴan kwaminis na Pathet Lao suka karɓi mulki a 1975, waɗanda suka yi wa Amurka aiki suka tsallaka kogin Mekong zuwa Tailan, suka zauna a sansanoni irin su Ban Vinai, wasu fiye da shekara goma. Daga can aka riƙa kwashe su zuwa Amurka, Faransa, Ostareliya da Kanada. Rukunin ƙarshe mai yawa, wajen mutum dubu 15 da ke fakewa a haikalin Wat Tham Krabok, ya fara shiga Amurka a 2004.

Ƙidayar 2010 ta nuna ƴan Hmong wajen dubu 260 a Amurka, yau kuma sun haura dubu 300. Mafi yawansu na jahohi uku: Kalifoniya, Minesota da Wiskonsin.

Me ya fitar da ƴan Nikaragwa?

Iyalin Somoza sun mulki Nikaragwa fiye da shekara 40, har ranar 19 ga watan Yuli 1979 da ƴan juyin juya hali na Sandinista suka shiga Managwa, babban birnin ƙasar. Waɗanda suka fara ficewa su ne manyan gwamnatin da ta faɗi, attajirai da masu masana'antu. A farkon shekarun 1980 likitoci, injiniyoyi, malamai da ƴan kasuwa suka bi sahu. Daga baya sai talakawa da ma'aikata, da samarin da ke gudun aikin soja na dole da aka kafa a 1983, lokacin da yaƙi ya yi zafi tsakanin gwamnati da ƴan tawayen Kontra da gwamnatin Ronald Reagan ke ɗaukar nauyi. Yaƙin ya ci wajen mutum dubu 30, kuma a 1988 hauhawar farashi ta wuce kashi dubu 10 cikin ɗari.

Birnin Mayami na jahar Filorida ne ya zama matattararsu, har ana kiran unguwar Sweetwater da «ƙaramar Managwa». Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta yawan masu asalin Nikaragwa a Amurka da wajen dubu 450 a 2021, kafin sabon kwararar da ta biyo baya.

Tarba iri biyu

A nan hanyoyin suka rabu. Ƴan Hmong sun shiga da matsayin ƴan gudun hijira da hukuma ta amince da su tun daga sansani. Dokar 1980 kan ƴan gudun hijira ta ba su izinin aiki tun ranar isowa, da tallafin kuɗi, da magani, da darussan Ingilishi, da damar neman katin zama na dindindin bayan shekara ɗaya. Ƙungiyoyin coci, musamman na Lutheran da Katolika a Minesota da Wiskonsin, suka nema musu gidaje.

Ƴan Nikaragwa kuwa akasari da bizar yawon buɗe ido suka shiga, ko ta kan iyakar Meziko, sannan suka nemi mafakar siyasa. Duk da cewa Washinton na yaƙar gwamnatin da suka gudo daga gare ta, ba a ba su irin gatan da aka ba ƴan Kuba ba, kuma an yi watsi da buƙatun da yawa daga cikinsu. A 1987 ministan shari'a Edwin Meese ya ba da umurnin sassauta musu, amma da Violeta Chamorro ta kada ƴan Sandinista a zaɓen 1990, hujjar neman mafaka ta raunana, barazanar kora ta dawo. Sai a 1997 majalisar dokoki ta zartar da dokar NACARA, wadda ta ba ƴan Nikaragwa da ke ƙasar tun 1 ga Disamba 1995 damar samun katin zama. Wanda ya iso a 1982 ke nan yana iya yin shekara 15 cikin zullumi.

Wannan jira ya yi tsada. Likitan da ba shi da takarda ba ya iya neman lasisin aiki, sai ya koma gadi, wanke-wanke a gidan abinci ko aikin gini. Yaron da ya gama sakandare da maki mai kyau ba ya samun tallafin gwamnati na shiga jami'a. Harshen Sifaniyanci ya buɗe musu ƙofar aiki a shaguna da kamfanonin ƴan Kuba na Mayami, sai dai galibi a ƙananan matsayi da albashi kaɗan.

Abin da bincike da alƙaluma suka nuna

A 1992 wasu masana zamantakewa biyu, Alejandro Portes da Rubén Rumbaut, suka fara bin diddigin ƴaƴan baƙi sama da dubu 5 a yankin Mayami da birnin San Diyego, suka fitar da sakamakon a littafinsu Legacies na 2001. Hujjarsu ita ce makomar baƙo ta dogara da abu uku bayan abin da ya zo da shi: tarbar gwamnati, kallon da mutanen gari ke yi masa, da ƙarfin ƴan uwansa da ya tarar. A binciken, yaran Hmong na cikin waɗanda iyayensu suka fi talauci da ƙarancin karatu, amma makinsu a aji ya zarce abin da ake tsammani daga irin wannan gida. Yaran Nikaragwa kuwa, duk da karatun iyayensu, rashin tabbas na takardu ya rage musu riba daga wannan gado.

Wannan ba ya nufin ƴan Hmong sun sha da sauƙi. A ƙidayar 1990 sama da kashi 60 cikin ɗari nasu na cikin talauci, abin da ya sa su cikin al'ummomin da suka fi kowa fatara a Amurka. A 2000 adadin ya sauko ƙasa da kashi 40, kuma a 2019 cibiyar Pew ta sa shi a kashi 17. A wannan shekara kashi 23 cikin ɗari na manyansu ne ke da digirin jami'a, ƙasa da rabin abin da ake samu a tsakanin ƴan asalin Asiya baki ɗaya. Shi ya sa shugabanninsu ke kokawa da yadda ake cuɗa su cikin alƙaluman «ƴan Asiya», inda wadatar ƴan Indiya da ƴan Sin ke rufe matsalolinsu.

Ƴan Nikaragwa da suka daɗe a ƙasar su ma sun farfaɗo bayan 1997. Ƙididdigar Pew ta sha nuna cewa sun fi matsakaicin ƴan asalin Latin Amurka yawan masu digiri, kuma talauci ya fi sauƙi a cikinsu. Idan aka duba kuɗin da ke shiga kowane gida, al'ummomin biyu ba su da nisa da juna. Amma gidan Hmong ya fi yawan baki da yawan masu aiki, don haka abin da ke kai wa kowane mutum ya fi ƙanƙanta.

Dangi a kusa, dangi a nesa

Ƴan Hmong na da manyan zuri'o'i 18, irin su Vang, Lee, Xiong, Yang da Moua, kuma ba a aure tsakanin masu sunan zuri'a ɗaya. Da farko gwamnati ta warwatsa su cikin jahohi, amma cikin ƴan shekaru suka sake tattaruwa kusa da dattawansu a Fresno, Sakramento da Saint Paul. Zuri'a ce ke sasanta rikicin aure, ta tara kuɗin jana'iza, ta haɗa jarin sayen gida ko gona. Da haka suka kama noman kayan lambu da sayarwa a kasuwannin manoma, da aikin masana'antu, da kiwon kaji a jahohin Arkansas da Oklahoma. Tsarin na da nasa nauyi: auren wuri da fifita ɗa namiji sun daɗe suna hana ƴan mata karatu, ko da yake hakan ya ragu sosai a tsakanin waɗanda aka haifa a Amurka.

Taruwa wuri ɗaya ta ba su murya a siyasa. A 2000 an yi dokar da ta sauƙaƙa wa tsofaffin sojojinsu zama ƴan ƙasa, ta hanyar ba su damar yin jarrabawa da tafinta. A 2002 Mee Moua ta shiga majalisar dattawan jahar Minesota, ita ce ƴar Hmong ta farko a irin wannan kujera. A 2021 Sunisa Lee, ƴar Saint Paul, ta ci lambar zinariya a wasannin motsa jiki na Olimpik a Tokiyo.

Ƴan Nikaragwa kuwa rabin hankalinsu na gida. Ƙasarsu mai mutum wajen miliyan 7 na cikin mafi talauci a nahiyar. A 2023 kuɗin da ƴan ƙasar waje suka aika ya kai dala miliyar 4.6, wajen miliyar 2,800 na sefa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma mafi yawansa daga Amurka ya fito. Kuɗin na ciyar da iyalai, amma duk dalar da aka aika Managwa ba ta shiga sayen gida ko jari a Mayami. Iyalan Hmong, da yawancinsu suka fito gaba ɗaya da tsoho da yaro, sun fi zuba abin da suka tara a inda suke.

Halin da ake ciki yanzu

Ƙaurar Hmong ta kusa tsayawa, kuma mafi yawansu a yau haifaffun Amurka ne. Damuwarsu ta koma kan ilimi, lafiyar tsofaffi, da tsoron ɓacewar harshe. Akwai kuma waɗanda suka zo suna yara, ba su karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, suka taɓa samun hukuncin kotu: a 2025 an tasa ƙeyar wasunsu zuwa Lawos, ƙasar da wasu ba su ma taɓa gani ba tunda a sansanin Tailan aka haife su.

Ta Nikaragwa kuwa ta sake ɓarkewa. Daniel Ortega ya dawo mulki a 2007, kuma murƙushe zanga-zangar Afrilun 2018 ya hallaka sama da mutum 300. Dubun dubata suka nufi Kosta Rika da Amurka. A shekarar kasafin 2022 kaɗai jami'an iyakar Amurka sun tare ƴan Nikaragwa fiye da sau dubu 160. A Janairun 2023 gwamnatin Joe Biden ta buɗe shirin shiga na shekara biyu ga ƴan Kuba, Haiti da Nikaragwa, amma gwamnatin Donald Trump ta soke shi a 2025. A shekarar ce kuma ta sanar da kawo ƙarshen kariyar wucin gadi da aka ba ƴan Nikaragwa tun 1999 bayan guguwar Mitch. Sabbin zuwa na fuskantar abin da iyayensu suka gani a shekarun 1980.

Inda labarin ya taɓo yankinmu

A 2023 filin jirgin Managwa ya zama mashigar matasan Afirka ta Yamma, musamman ƴan Muritaniya, Senegal da Gine, saboda sauƙin shiga Nikaragwa. Daga can suka riƙa bin ƙasa ta Honduras, Gwatemala da Meziko zuwa iyakar Amurka, bayan sun sayar da fili ko dabbobi sun biya masu safara. Wanda ya bi wannan hanya a lokacin ya shiga ne a sahun masu neman mafaka, irin na ƴan Nikaragwa: zai jira kotu shekaru, kuma izinin aikinsa na iya tashi da sauyin gwamnati.

Faransa ma ta gwada ɗaya hanyar. A 1977 ta zaunar da wasu iyalan Hmong a ƙauyen Cacao na yankin Guyane, a 1979 kuma a Javouhey, ta ba su takardu da daji su sare. Yau su ne ke samar da kaso mai yawa na kayan lambu da ƴaƴan itacen da ake sayarwa a kasuwar Cayenne.

Ga iyalan da ke shirin tura ɗansu ƙetare daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa, tambayar da wannan kwatanci ke tayarwa a fili take: da wane matsayi zai shiga, wa zai tarbe shi, kuma shekara nawa zai iya jira kafin takardarsa ta fito?