Yanka da Haɗi: Koyon Tace Fim ɗin Ɗalibai a Farfajiyar Hausa

1.0 Gabatarwa

Kalmar “tacewa” tana ɗauke da ma’ana biyu a bakin masu harkar fim ɗin Hausa. Akwai tacewar hukuma, irin wadda Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano take yi tun daga 2001, wato duba fim domin cire abin da ya saɓa wa doka ko tarbiyya. Akwai kuma tacewar edita, wato zaɓen ɗauka da yanke ta da jera ta har labari ya miƙe. Wannan maƙala ta ta’allaƙa ne a kan ta biyu. Za a yi misali da ɗalibin Jami’ar Ahmadu Bello, Zariya, wanda ya je Ɗandamisa ta ƙaramar hukumar Maƙarfi ya ɗauko yadda ake sarrafa rake ya zama mazarƙwaila. Fita ƙauye irin wannan ba baƙuwa ba ce a Samaru, domin tun shekarun 1970, zamanin Michael Etherton, masu nazarin wasan kwaikwayo suke kai ayyukansu ga manoma. Abin da ya sauya shi ne, yanzu ɗalibin yakan dawo da awa uku a katin kyamara, malaminsa kuwa minti goma yake jira.

2.0 Daga Kaset zuwa Manhaja

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, tacewa a kan kaset ake yin ta. Ana kunna bidiyo ɗaya, ɗayan yana naɗa, fitowa bayan fitowa. Wanda ya so sauya wani abu a tsakiya, sai dai ya sake naɗar duk abin da ya biyo baya, kuma kowane kwafi yakan rage hasken hoto. Manhajojin kwamfuta irin su Avid Media Composer (1989) da Adobe Premiere (1991) ne suka kawar da wannan wahala, ko da yake sun ɗauki shekaru kafin su game ɗakunan tace fim na Arewa. A yau ɗalibi yakan samu DaVinci Resolve kyauta, wasu ma a waya suke aiki da CapCut ko KineMaster.

Sirrin waɗannan manhajoji ɗaya ne: ba sa taɓa ainihin hoton da aka ɗauko. Abin da suke ajiyewa umarni ne kawai, cewa a nuna ɗauka kaza daga daƙiƙa kaza zuwa kaza. Shi ya sa idan ɗalibi ya sauya wa fayil suna ko mazauni, sai ya tarar da layin aikinsa wayam. Darasin farko ke nan, kuma shi aka fi rainawa: a tsara fayiloli, a sa musu suna, a ajiye kwafi biyu, a kunna adanawa ta kai-tsaye saboda ɗaukewar wuta. Sauran dabarun maɓallai, mako biyu sun ishi mai himma.

3.0 Inda Harshe da Al’ada Suke Shigowa

Abin da ba ya koyuwa a mako biyu shi ne sanin inda za a yanka. Walter Murch, a littafinsa In the Blink of an Eye, ya jera ma’aunai shida na yanka mai kyau, ya ba motsin zuciya kashi 51 cikin ɗari, labari 23, kari 10, sauran ya raba wa bin ido da daidaiton wuri. Tsarin yana da amfani, amma motsin zuciyar wa ake aunawa? A nan ne masanin Hausa yake da ta cewa.

A ɗauki gaisuwa. Littattafan koyar da fim sukan shawarci edita ya shiga fitowa a makare, ya fice da wuri. Ɗalibi mai biyayya sai ya datse sallama da “ina kwana” da “ina gajiya” da tambayar iyali, ya faro daga inda saurayi ya tambayi dattijo farashin rake. Ya rage daƙiƙa arba’in, amma ya mayar da saurayin mara tarbiyya, ya kuma nuna dattijon a matsayin wanda ake yi wa magana a tsaye. Mutanen Ɗandamisa da za su kalli fim ɗin ba za su ce an yi tattalin lokaci ba, cewa za su yi ɗan wane bai iya gaisuwa ba. Akwai mafita a cikin manhajar kanta, tunda sauti da hoto layinsu daban. Ana iya barin gaisuwar ta fara gudana a kan hoton gonar rake ko na injin matsa, sannan a shigo da fuskokin masu magana bayan an yi nisa. Kunne ya ji an gaisa, ido kuma bai zauna banza ba.

Haka abin yake ga shiru da sunkuyar da kai. Edita da ya saba da fim ɗin Amurka yakan ɗauki kawar da ido alamar ƙarya ko tsoro, sai ya cire. A wurin Bahaushe kuwa, matar da ta dubi ƙasa kafin ta amsa wa surukinta ta riga ta faɗi rabin maganarta.

Matsala mafi laushi ta tsarin sauti ce. Bidiyon da ake aiki da shi a Nijeriya yakan ɗauki firam 25 a daƙiƙa guda. Tambayar da amsarta “i” ko “a’a” ce, sau da yawa ba ta da wata kalmar tambaya, karin sautin ƙarshen jimla da jan wasalin ƙarshe ne suke bambanta “Ya biya?” da “Ya biya.” Idan edita ya datse firam uku ko huɗu daga wutsiyar jimla don ya matse lokaci, yana iya mayar da tambaya ta zama shaida. A fim ɗin da ya shafi bashi tsakanin manomi da dillali, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ganin mai wannan maƙala, ya kamata malamin tsarin sauti ya riƙa zama a ɗakin tacewa ko da sau ɗaya ne a zango.

4.0 Amanar Jeri

Tun farkon zamanin Tarayyar Sobiyat, Lev Kuleshov ya nuna cewa fuska guda takan sauya ma’ana gwargwadon hoton da aka jingina ta da shi: kwanon miya, ko akwatin gawa, ko mace. Ɗalibinmu yana da fuskar manomi yana shiru, wadda ya ɗauka da hantsi lokacin da mutumin yake jiran ruwan rake ya tafasa. Yana kuma da hoton dillali yana ƙirga kuɗi a kasuwar Maƙarfi. Da zarar ya jera su, ya ƙulla zargin da manomin bai furta ba, alhali gobe su biyun za su haɗu a masallaci. Manhaja ba za ta yi masa gargaɗi ba. Saboda haka ya dace a kai gwajin farko ƙauyen a nuna wa waɗanda aka ɗauka kafin a miƙa wa malami.

Saura rubutun fassara da sunayen mahalarta. Da yawa daga cikin salon haruffan da ke zuwa da manhajoji ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai su fito da ɗan akwati a gurbinsu, ɗalibi kuma ya haƙura ya rubuta “kasa” inda yake nufin “ƙasa”. Salon haruffa irin su Noto Sans da Charis SIL suna ɗauke da su duka, kuma kyauta ne. Sai dai a adana fayil ɗin fassarar a tsarin UTF-8, a kuma gwada shi a wayar da ba ta edita ba kafin ranar nuni.