Salsalar Gidanmu: Gaskiya ko Jita-jita?

A taron zumunci na bayan Sallah, da wuya a watse ba a sami wani kawu da ya zaro takarda daga aljihu ba: wane ɗan wane, har a dangana da Bagadaza ko Yamal. Ina girmama wannan takarda, domin ƙaunar zumunci ce ta sa aka rubuta ta. Amma akwai maganganun da muke maimaitawa game da asali waɗanda ya kamata a ɗora su a sikeli.

An ce duk Bahaushe daga Gabas kakanninsa suka zo, ana kafa hujja da Bayajidda da rijiyar Kusugu. Wannan labarin gidajen sarauta ne, ba na kowane gida ba, kuma shi kansa ya nuna baƙon ya tarar da mutane a Daura da sarauniyarsu. Dangin harshen Hausa na kusa, irin su Bade da Ngizim da Bolanci, a nan maƙwabta suke. Sai a yi lissafi kuma: Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya sa hawan Bagauda sarautar Kano a shekarar 999. Shekara dubu na buƙatar kakanni fiye da talatin. Takardar da ta kai can da sunaye goma sha biyu, an yi tsallake a cikinta.

Wannan bai ƙaryata ƙaura ba. Wangarawa sun iso Kano daga Mali, har aka rubuta asalinsu cikin Larabci wajen 1650. Toronkawa, dangin Shehu Usmanu, daga Futa Toro suka taso. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a sun bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har Sudan, inda garin Mai Wurno yake yau. Fataucin goro ya ajiye wasu a Salaga da Kumasi. Wanda aka ce masa yana da dangi a can, kada ya yi saurin musu.

An kuma ce sunan ƙarshe shi ke nuna asali. Jita-jita ce. Sunan iyali irin na Turawa ba al'adarmu ba ce. Makarantar boko ce ta yawaita liƙa wa yaro sunan garinsu, shi ya sa muka sami Aminu Kano da Shehu Shagari. Sunan na faɗin inda aka taso ne kurum.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce cewa talaka ba shi da tarihi, sai sarki da malami. Yana da shi, sai dai ba a kundi yake ba, yana wajen goggo da inna da kaka. Su ne suka san wa ya auri wa, wa aka ɗauka riƙo, wa ya sha nonon wa, kuma wannan na ƙarshen yana iya haramta aure. Amma tambayarsu sai da dabara. Tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko ɗan farinta ba saboda kunya, sai ta ce Malam ko Maigida; sunan yanka sai ka nema wajen wata. Ga yawan sa wa jika sunan kaka: Muhammadu biyu a jere cikin sauƙi sukan zama mutum ɗaya a takarda, don haka a rubuta kowa da laƙabinsa da sunan mahaifiyarsa. Shekarun haihuwa ma ba su ɓata ba. Idan tsohuwa ta ce an haifi babanta shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, 1911 ke nan. Idan ta ce tana goyo Sarauniyar Ingila ta zo, 1956 take nufi.

Gwajin ƙwayar halitta da ake aikawa waje kuwa ba zai faɗa maka sunan kakanka ba. Yana iya tabbatar da dangantaka ta kusa, sauran ƙiyasi ne na yanki.

Saura masu tsoron cewa garin tone-tone kaza kan tono wuƙar yanka ta. Tsoron yana da tushe: an yi bauta a ƙasar nan, sai a 1936 aka soke ta ɗungurungum a Arewa, kuma har yau akan yi gori da ita wajen neman aure. A ganina, abin da ka gano irin wannan amana ce. Ka rubuta gaskiya, amma kafin ka raba wa dangi kwafi, ka zauna da dattawan ɓangaren da abin ya shafa, su faɗa maka abin da suka yarda a karanta a bainar jama'a.