Jinga da Iyakarta Tsakanin Tela da Masu Yi Masa Aiki

Telan da ke zaman kansa a birnin Kano, wanda yake karɓar ɗinkin babbar riga, ya kai ƙyalle marinar Ƙofar Mata, ya miƙa wa mai aikin hannu domin ya zuba aska takwas, daga bisani ya aika wa mabuga, mutum ne da mutuncinsa yake hannun waɗanda ba yaransa ba ne, ba kuwa albashi yake ba su ba. Amma idan aiki ya ɓaci ranar jajibirin Salla, ƙofar shagonsa mai riga zai tsaya.

Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya sun daɗe da warware wannan mas'ala. A wurinsu ijara ba ta inganta sai an san lada, an san aikin ko ajalinsa, domin barin sharaɗi a dunƙule garari ne. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya keɓe da su, ko da kyauta ya yi aikin, masu sharhi kuwa suka togace inda shaidu suka tabbatar kayan sun salwanta ba da sakacinsa ba. Saboda haka telan da ya nemi marini ya biya shaddar da ya ɓata bai yi zalunci ba.

Abin da ke karya tela, a ganina, kunya ce. Yana jin nauyin yanke jinga da dattijon da ya girme shi, sai ya ce, "Baba, a yi kawai, ba za mu ɓata ba," ya ba da kuɗi duka maimakon kafin alƙalami, alhali da ya ambaci launi da farashi da ranar karɓa a gaban shaida, ya rubuta a littafinsa, da bai rage wa dattijon girma ba ko kaɗan.

Sai dai iyakar jinga ta hau kan telan shi ma. Wanda aka yi jinga da shi, aikinsa aka saya ba yininsa ba. Tela yana da ikon mayar da ɗinkin da ya saɓa wa sharaɗi, amma ba shi da ikon hana mai allura karɓar aikin wani, ko ya ƙara masa zane a tsakiyar aiki ba tare da ƙarin lada ba, ko ya riƙe masa cikon kuɗi da hujjar mai riga bai biya ba tukuna.